Cika-Tanki da Batirin da Ya Ƙi Cika

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Cika-Tanki ake ce masa, jikoki su ce Kaka Cika-Tanki, shi ma in ya buga waya da sunan yake gabatar da kansa. Ya samo shi ne a gidan man da ke bakin babban titi, inda ya shiga aiki tun gemu bai fito masa ba, bai bari ba sai da gemun ya yi fari.

Abokan aikinsa in kan famfo ya yi ƙas ya tsaya, sai su zare su rufe tanki. Shi kuwa a nan aikinsa yake farawa. Zai sa kafaɗa ya jijjiga motar da direba da fasinja a ciki, ya kara kunne ya ji iska ta fita, ya ƙara tsiyayawa. In mota ta yi masa gardama, akwai guntun katako da yake ajiyewa a gindin famfo. A hau da tayar baya ɗaya a kai, mota ta karkata, a ƙara mata. Sai ya ga mai yana ƙyalli a wuyan tanki sannan zai murɗa murfi ya ce, "Yanzu ka sha mai. Allah ya kiyaye hanya." Direbobin dogon zango suna ji da shi. Masu sauri kuwa da sun hango shi sai su karya kan mota zuwa ɗaya famfon.

Hali zanen dutse, a gida ma haka yake. In ya zuba maka shayi, sai ka sunkuya ka kurɓa kafin kofin ya ɗauku. Matarsa ta yi mita har ta gaji, daga baya ta sayi faranti mai zurfi ta huta da goge tebur.

Da gwiwoyi suka ce ba za su ƙara tsayuwa ba, ya dawo gida ya kafa kujera a falo kusa da taga. Daga nan yake sauraron motocin da ke wucewa yana yanke musu hukunci. Wannan rabin tanki ne, waccan kuwa da addu'a take tafiya.

A cikin 'ya'yansa babu wadda ya fi shaƙuwa da ita kamar Auta, kuma babu wadda suka fi saɓani. Ta karanci aikin jinya, ta samu aiki a wani asibiti mai nisa, nisan da sai an hau jirgi. Bai ce kada ta je ba, cewa ya yi, "Marasa lafiyar garin nan sun ƙare ne?" Ita kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ta ce ba su ƙare ba, amma za ta je. Ranar tafiya ya ce gwiwa ta tashi, bai raka ta ko bakin ƙofa ba. Abin ya yi mata ciwo, shi ma ya yi masa, amma kowa ya haɗiye.

Kafin ta fita ta ajiye kwamfutarta a kan teburin falo, laftof ɗin da ta yi karatunta duka da ita, ta jona ta a soket. Ta nuna wa mahaifiyarta inda za a danna a gan ta a yi magana. Shi yana kallon taga, amma kunnensa yana wurin, don washegari shi ya gyara wa matarsa da ta danna ba daidai ba.

Kiran farko ya zauna a miƙe kamar za a ɗauke shi hoton katin aiki, ya tambaye ta sanyin garin, ya tashi. A hankali zaman ya fara tsawo. Har ya kai ga ba ta labarin motocin titi tana dariya, matarsa tana daga kicin tana hamdala.

Sai aka canza masa tabarau.

Ranar da ya sa sabon, duniya ta fito masa tar, har da abin da bai nema ba. A ƙasan allon kwamfutar, can a kusurwa, ya ga ɗan hoton batir da lamba kusa da shi: tamanin. Kwamfutar tana jone tun asuba. Ya ba ta lokaci, ya yi wanka, ya karya, ya dawo. Tamanin. Da yamma ma tamanin, ko gezau.

Ya san abin da ya yi. Kwana biyu kafin nan ya ajiye kofin shayinsa a gefenta, kofin kuwa kun san yadda yake, ya ɗan fantsama kusa da maɓallan. Ya goge da sauri bai gaya wa kowa ba. To ga shi. Yarinya ta bar masa abu mafi daraja da ta mallaka, bayan bai ko raka ta ba, shi kuma ya kashe shi da shayi. In ta ji, me za ta ce? Cewa za ta yi don yana fushi da ita ne ya wulaƙanta mata kaya. Wannan tunanin ya fi ciwon gwiwa damun sa.

Ya kuma yi wani lissafi irin nasa. In ta wannan allon tana ganin fuskarsa har da furfurar gira, me zai hana ta ga lambar da ke ƙasan fuskar? Saboda haka ya yanke cewa ba za a sake kunna kiran ba sai batir ya cika. Ya sa matarsa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba.

"Malam, ka bari a tambaye ta mana," in ji ta. "Ita ta san kayanta."

"Ni na san cika abu," ya ce. "Ki ba ni kwana biyu."

Ya fara da soket. Na falo ba shi da ƙarfi, in ji shi, ya kai kwamfutar na ɗaki, daga nan ya zare firij ya ba ta na kicin, sai da matarsa ta tarar da ƙanƙara ta zama ruwa ta kore su shi da ita. Ya aro cajar maƙwabci. Tamanin. Sai ya koma ga ilimin da ya sani: iska ce ta shiga. Ya rufe ta, ya riƙe da hannu biyu ya jijjiga a hankali, ya kara kunne. Ya tokare gefe ɗaya da matashin kujera don ta karkata, ya bar ta haka wuni guda, sannan ya juya ɗaya gefen. Da hakan bai yi ba ya ce to yoyo take yi, ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ya ɗaga jaridar a hasken taga yana neman ɗigo. Har sansana ta ya yi.

Ya kira amininsa, tsohon bakanike da suka yi zamani tare a bakin titi. Bakanike ya zo da sukundireba a aljihu, ya juya kwamfutar ya duba cikinta ya ce, "Batir ai batir ne. Ruwansa ne ya ƙone. Ina murfin?" Allah ya sa matar gidan tana kusa. Ta fizge ta rungume, ta ce duk wanda ya kusanto ta da ruwan batir sai dai ya fara zuba mata. Aka sasanta a kan a zazzage tanki: a bar ta ta mutu ƙurmus, a sake cikawa daga farko. Tsofaffin biyu suka zauna suna kallon lamba tana hawa. Da ta kai saba'in da tara Cika-Tanki ya miƙe tsaye, gwiwa ko ba gwiwa. Ta shiga tamanin ta yi zamanta. Bakanike ya tuna yana da wani uzuri a gida.

Kwana biyun nan sun zama makonni. Auta tana kira a wayar mahaifiyarta ta ce, "Baba, kunna in gan ka mana." Yau ya ce ba wuta, gobe bai yi aski ba, jibi yana da baƙi. Tun tana naci har ta daina. Gaisuwar ta gajarce, daga baya ma sai ta gaisa da mahaifiyarta ta ce a gaishe shi. Shi yana can yana fama da matashin kujera, bai lura ba.

Wata safiya matarsa ta ajiye masa shayi, ba ta koma kicin ba.

"Jiya yarinyar nan ta yi kuka," ta ce. "Ta ce in tambaye ka, wai har yanzu ba ka huce ba? Ta ce ta zata an wuce wurin, ashe ganin fuskarta ma ba ka so. Ni dai na riƙe maka alkawari, amma daga yau na sauke. Ko ka faɗa mata ko in faɗa."

Bai taɓa shayin ba. Abin da yake gudu tun farko shi ne ya same shi, kuma da hannunsa ya jawo. Ya naɗe kwamfutar a tawul kamar jaririya, ya sa hula, ya fita.

Shagon gyaran kwamfutar da ya nufa yana saman bene a layin masu waya, ɗan ƙuƙut, wayoyin caja sun yi rassa a bango. Mai gyaran wata mata ce mai tabarau a goshi. Ta ba shi kujera, ta saurari bayaninsa tun daga shayi har jarida ba ta katse shi ba, sai dai da ya zo kan ruwan batir ta ɗan dafe ƙirji. Ta kunna, ta danna nan ta danna can, ta juyo masa da allon.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Shayinka bai taɓa komai ba. Saita ta aka yi ta riƙa tsayawa a tamanin."

"Saita ta? Da gangan?"

"Da gangan. Batirin nan in kullum yana jone kuma yana cike taf, da wuri yake mutuwa. Shi ya sa ake rage masa. Wanda ya yi wannan ya san ba za a taɓa zare ta daga wuta ba, kuma yana so ta daɗe a hannunka."

Cika-Tanki ya ƙura wa lambar ido. Wato cikawa ce take kashe batir. Ransa ya so ya yi gardama saboda mutuncin sana'a, amma hankalinsa ya tafi wurin wadda ta san shi har haka, ta zauna ta yi wannan tanadi a ranar da ya juya mata ƙeya.

"In kana so in cire, yanzu za ta kai ɗari," in ji mai gyara.

"Bar shi yadda ta sa." Ya gyara zama, ya rage murya. "'Yata, in tambaye ki. In ana magana da mutum ta ciki, yana ganin lambar nan daga can?"

Ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinta. "A'a, Baba. Kai kaɗai kake gani."

Da la'asar, lokacin da Auta take tashi daga aiki, ya zauna a gaban tebur ya danna da kansa. Kiran ya daɗe yana ƙara kafin ta ɗauka. Ta fito da kayan aiki a jikinta, fuska ba walwala, ta gaishe shi kamar baƙo.

"Auta," ya ce, "batirin nan naki a tamanin yake tsayawa."

"Eh, ni na sa shi haka. Na san ka da jona abu." Ta tsaya, ta ƙura masa ido. "Baba, kada dai ka ce saboda wannan ne?"

Matarsa, da ta daɗe tana jiran wannan rana, ta leƙo ta bayansa ta zazzage komai, da firij, da matashin kujera, da jarida, da bakanike. Auta ta kifa kai a tebur tana dariya har allon yana rawa. Da ta ɗago sai ga hawaye, kuma ba na dariya ba ne duka.

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Na zata na lalata miki ne. Na ji tsoron ki ce don ina fushi na yi."

"Ni kuma na zata ba ka son gani na."

"Ni?" ya ce. "Ni da nake zama a gaban kwamfutar tana kashe, ina kallon inda kike fitowa?"

Ta rufe baki da hannu, kukan ya ƙwace mata sosai. Cika-Tanki ya rasa yadda zai yi da 'yar da ke kuka a nisan da hannu ba ya kaiwa. Sai ya kama bakin rigarsa, ya matso, ya shiga goge allon a hankali daidai inda kumatunta yake. Matarsa ta buɗe baki za ta ce zai karce gilashin, sai ta fasa, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.