Ɗigon Ruwa a Kusurwar Kati

Shekara ta biyu ke nan da sojoji suka koma bariki lokacin da katunan dodanni suka shigo makarantarmu a Romi. Ƙawata Ngozi, wadda babanta ke da shago a Kakuri, ta ba ni guda bakwai. Ni ba mai magana ba ce, ko wasan ban iya ba. Kallonsu kawai nake yi.

Kaka, mahaifiyar Mama, ba ta yarda da risho ba. Kullum bayan tuwo sai ta hura murhu a tsakar gida, ta gasa masara, mu zauna ta yi mana tatsuniya. A irin wannan zaman ne Mama ta fito da jakar makarantata a hannu. A zumuntar mata ta coci an ce musu katunan na aljanu ne. Kafin in miƙe ta jefa biyu a wuta. Na ga ledar jikinsu tana naɗewa.

"Rifkatu, dakata," in ji Kaka. "Miƙo min ɗaya in ga aljanin."

Mama ta miƙa mata ɗaya, Kaka ta riƙe shi a juye. Ban san lokacin da na gyara mata ba.

"Au, ashe kina da baki? To, Saratu, karanta min."

Na fara yi mata bayani. Gefen katin rawaya ne. A sama akwai suna da rubutun Japan, mai kama da tsinken tsintsiya da aka karya. Kusa da shi lamba, ita ce yawan ƙarfinsa. Sai hoton a cikin akwati, wani jan dodo da wuta a baki. A ƙarƙashi, layi biyu na irin dukan da yake yi.

"Wannan ɗan abin a ƙasa fa, kamar kwarkwata?"

"Ɗigon ruwa ne, Kaka. Abin da ke kayar da shi ke nan. Kowane kati yana da nasa a wannan kusurwar."

Kaka ta juya masara, ta ce mu matso da kunnuwa. Wai a dutsen garinsu an yi wani dodo mai cinye awaki. Maharba suka yi ta zuwa, kowa idonsa na kan ƙahonsa da haƙoransa, kowa ya dawo da gudu. Akwai wata yarinya da ba ta iya kallon mutum a ido, kullum kanta a ƙasa, har ana ce mata wawuya. Ita ce ta lura dodon ba ya taka laima. Ko raɓa ya gani sai ya ɗaga ƙafa ya kewaye. Ta cika ƙwarya da ruwa, ta je ta sheƙa masa a ƙafa, ya narke kamar gishiri.

"Inna, ba tatsuniya muke yi ba," in ji Mama. "Ba ni katin."

"Ke kin fi ni boko. Faɗa min, wane aljani kika taɓa ji ya rubuta abin da ke kashe shi a jikinsa, ya ce yara su karanta? Wanda ya zana wannan ba ya son a ji tsoro. So yake a duba."

Mama ta juyo gare ni. Sauran huɗun na riga na zare su daga jakar da ta ajiye.

"Kawo."

"Ba zan bayar ba, Mama. Ba ki duba ko ɗaya ba."

Ban taɓa ce mata a'a ba sai ranar. Masara ta ƙone, ba wanda ya kula. Mama ta karɓi na hannun Kaka, ta kai shi kusa da hasken wuta, ta daɗe tana kallon kusurwar ƙasa. Sannan ta ajiye min shi a cinya.

"Kada in gan su a coci," ta ce, ta shige ɗaki.

Na daɗe ina zaton Kaka ta ƙirƙiri yarinyar nan ne don ta lallashe ni. Sai da na haifi nawa, na ji irin tsoron da ke sa uwa ta fara ƙonawa kafin ta tambaya, na gane da 'yarta take. Ban ga laifin Mama ba. Amma har yau, duk wanda ya zo ya ce min abu kaza mugu ne, a jefar, ko shi wane ne, sai na ce ya miƙo min tukuna. Zan duba shi har ƙasa.