Shekarar da Muka Rera Jarrabawa

Aikin koyarwa ya yawata da ni ba kaɗan ba. Na yi Bebeji, na yi Yako, na yi wani ƙauye da in ka sauka daga mota sai ka tambayi mutum uku kafin ka sami wanda ya taɓa jin sunansa. Amma in ana hirar jarrabawa, inda nake tunawa shi ne wata ƴar firamare a gefen Burumburum, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Ni ke riƙe da aji biyar a lokacin.

Hedimastanmu ɗan garin ne. Gidansu na bayan makaranta, in ya yi tari a ofis ana ji a tsakar gidan. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta tsufa, idonta ya tafi, kuma shi kaɗai ya rage mata. Kullum da safe shi ke kama hannunta ya fito da ita gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya gyara mata tabarma, sannan ya tsallako ya buga ƙararrawa. In an yi tara ya leƙa ta, in an tashi ya mayar da ita ciki. Mu dai mun san agogonmu ke nan.

Sai ga takarda daga babban ofis. Shekara biyu a jere ba wanda ya ci jarrabawar shiga sakandare daga makarantarmu, wadda muke kira kwaman. Takardar ta ce in bana ba a sami yara biyar ba, za a ba Hedimasta damar nuna ƙwarewarsa a wata makaranta can gaban Doguwa, bayan duwatsu. Haka suka rubuta, dama. Mutanen ofis ba sa korar mutum, dama suke ba shi.

Ya tara mu a gindin mangwaro, inda muke zaman malamai tunda ofis ɗin kujera biyu ne a ciki, ya karanta mana. Kowa ya faɗi ra'ayinsa. Malamin aji uku ya ce shi a ganinsa jarrabawar nan ba yara take aunawa ba, malamai take aunawa, su kuwa yara an aro su ne kawai su riƙe fensir. Malamin Arabiyya ya ce shi ba a tambayar darasinsa a ciki, saboda haka yana taya mu da addu'a. Ni na ce a Yako ma haka ake fama, abin da nake faɗa ke nan duk inda na rasa abin faɗa.

Wanda bai yi magana ba shi ne malamin aji shida, dattijo mai farin gemu da muke kira Baba Malam. Shi ya koyar da Hedimasta a aji biyu, ya taɓa zane shi ma a kan satar alli. Yanzu kuwa a makaranta yana ce masa ranka ya daɗe, amma da wata irin murya da kana ji ka san bai manta allin ba.

“Baba Malam, ba ka ce komai ba,” in ji Hedimasta.

“Ranka ya daɗe, me zan ce? Yaran nan sai da suka zo aji huɗu suka fara ganin littafi. A ba ni su in koya musu karatu. Wanda ya iya karanta tambaya zai amsa.”

“Wata nawa za ka yi?”

“Shekara biyu.”

“Wata uku gare mu.”

“To ai ba ni na rubuto takardar ba,” in ji Baba Malam, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Ranar Asabar Hedimasta ya bar wa maƙwabciya amanar Inna, ya shiga motar Kano. Ya dawo da takardun tsofaffin tambayoyi guda biyu da ya saya wajen wani mai shimfiɗa littattafai a bakin titi, ɗaya ta bara, ɗaya ta bara waccan. Litinin da safe ya kira mu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Ya jera takardun a kan benci. Tambaya ta ɗaya a nan, ita ce ta ɗaya a can. Ta biyu ma haka. Har ta hamsin, a ɓangaren lissafi da na Turanci, ba abin da ya canza, ko jerin amsoshin.

“Kun gani? Mutanen nan ba su da lokacin sake tambaya. Bango kawai suke canzawa.”

Baba Malam ya sa tabarau, ya duba wannan, ya duba wancan. Ya ɗora yatsa a kan wani ɗigon tawada da ya ɓata gefen tambaya ta sha bakwai, sannan ya nuna irinsa sak a ɗaya takardar.

“Ranka ya daɗe, har tawadar ma maimaitawa take yi?”

“Ai inji ɗaya suke amfani da shi,” in ji Hedimasta.

Ni kam na ga ɗigon, amma na ga fuskar Hedimasta ma.

Ga yadda jarrabawar take, don wanda bai san ta ba. Kowace tambaya an ba ta amsa huɗu, Ei, Bi, Si, Di. Yaro zai zaɓi ɗaya, ya baƙanta ɗan gidanta da fensir a wata takarda daban. Ba rubutu, ba bayani. To da farko mun fara haddace wa yaran tambaya da amsarta. Sati biyu muka yi, muka ga Turancin ya yi musu nauyi. Sai Hedimasta ya ce tunda tambayar ba ta canzawa, me ya haɗa mu da ita? A bar ta inda take. A haddace lamba da harafi kawai.

Yaranmu kuwa in dai hadda ce, ba a koya musu. Tun suna ƙanana suke yin ta safe da yamma. Abin da ya rage shi ne murya, kuma abin takaici ni Allah ya ba murya a cikinmu. Na ɗora abin a kan karin waƙar daka da na taɓa ji a Bebeji. Ɗaya Bi, biyu Di, uku Ei, huɗu Di. Ina bayarwa suna amsawa, suna rangaji. An soke lambun makaranta, an soke wasan motsa jiki, har sharar safe aka rage mata lokaci. Cikin kwana goma yaran sun iya hamsin ɗin lissafi da hamsin ɗin Turanci, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama.

Waƙa ta fita gari. Mata na daka da ita. Wani mai sayar da rake a tasha ya tambaye ni ko sabuwar waƙar siyasa ce, na ce a'a, ai soja ke mulki, ilimi ne. Inna kuwa, da ke zaune gindin dalbejiya duk tsawon safiya ba abin da take ji sai mu, ta sa mini suna. In na je gaishe ta, ina yin sallama za ta ce, “Mai waƙa ne? Ƙaraso. Yau kun yi sauri a wajen talatin.”

Baba Malam bai hana ba, bai kuma taya ba. Ya ce ajinsa ne aka ara, in an gama a dawo masa da shi. Ya ɗauki kujerarsa ya koma bayan aji, inuwar bango. Akwai wasu yara huɗu, mata biyu maza biyu, da ke zuwa daga rugar da ke bayan rafi. Ba sa isowa sai an gama tatsa, lokacin mun yi nisa, in suka shiga sai su ɓata mana kari. Hedimasta ya ce su riƙa zama wajen Baba Malam kada su rikita sauran. Can suke zama da takardar nan guda, yana sa su karanta tambaya a hankali, kalma kalma, yana tambayarsu me ake nema. Wani lokaci tambaya uku suke yi a rana. Mu a ciki mun yi ɗari sau huɗu.

Wata rana a gindin mangwaro na tsokane shi. Na ce, “Baba Malam, jirginmu ya kai Kano, naku bai bar tasha ba.”

Ya ce, “Ɗan nan, ni shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin an tare yaro a kasuwa an ce masa sha huɗu, ya ce Si, an ba shi canji ba.”

Hedimasta ya ji, ya ajiye kofin ruwansa. “Baba Malam, na san gaskiyarka. Wallahi na sani. Amma ofis ba su tambaye ni wa ya iya kasuwa ba. Biyar suka ce. In aka kai ni bayan duwatsu, wa zai fito da Inna?”

Baba Malam ya ce, ba tare da ranka ya daɗe ba, “Na sani, yaro.” Shi ke nan. Daga ranar bai sake tanka waƙar ba.

Ranar jarrabawa, ana tsakiyar zafin bazara, muka loda yara ashirin da shida a bayan a-kori-kura zuwa garin da aka ajiye cibiyar jarrabawar. Kowa da fensir biyu da Hedimasta ya fere da hannunsa. Ba a barin malamai su shiga, sai muka tsaya nesa muna leƙe ta taga. Aka raba takardu. Na ga yaranmu sun ture takardar tambaya gefe cikin ladabi, kamar kwanon da ba nasu ba, sun jawo ta amsa. Leɓuna suka fara motsi. Kawuna suka fara rangaji tare, layi uku. Jarrabawar awa guda ce, su a minti goma sun ajiye fensir sun naɗe hannu. Mai sa ido ya zagaya, ya duba, ya fito waje ya tambaya wace makaranta ce wannan. Hedimasta ya gyara hula ya ce tamu ce.

Su huɗun rugar nan kuwa har aka buga ƙararrawa suna duƙe. Ko rabi ba su kai ba.

Da aka fito, ɗaya daga cikin ƴan matan ta zo wajen Baba Malam ta ce, “Malam, tambayar nan ta mai sayar da ƙwai ta fito. Amma ba ta ɗaya ba ce yau, tana can ƙasa.” Hedimasta yana tsaye a wurin. Ya roƙi wani malamin wata makaranta ya nuna masa ragowar takarda. Ya duba shafin farko, ya juya, ya mayar masa, ya yi godiya. A hanyar dawowa yara suka ɗauko waƙa don murna, ya bar su suka rera har gida.

Daga baya muka gane abin da ɗigon tawadar nan yake faɗa mana. Takarda ɗaya mai littattafan yake da ita, ya buga mata bango iri biyu.

Sakamako ya fito da damina. Uku suka ci. Biyu daga ƴan ruga, na ukun kuwa wani ne daga ƴan waƙa, wanda ya tsallake layi guda tun daga farko bisa kuskure, Allah ya sa kuskuren ya faɗa inda ya dace. Uku ba biyar ba ne. Takarda ta biyu ta iso kafin a cire masara.

Baba Malam ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau keke har babban ofis. Ya gaya musu shi ne malamin aji shida, in akwai wanda za a ba dama, shi ya kamata a ba, Hedimasta yana da tsohuwa makauniya. An ce sun saurare shi da kyau, sun ba shi ruwa, sun yaba da gaskiyarsa. Bayan sati biyu aka tura su su biyun, makaranta ɗaya.

Hedimasta ya so tafiya da Inna. Ta ce ita a ɗakin nan ta san inda randa take, ta san taku nawa ne zuwa ƙofa, a can sai ta fara koyon duniya daga farko, ba za ta iya ba. Ya sayi tsohon babur, yana zuwa duk Juma'a da yamma ya koma Lahadi, in rafi bai cika ba. Ni aka ba riƙon makaranta, tare da takarda mai cewa biyar. Ranar da zai tafi ya miƙa mini mukullin ofis da ƙararrawa, ya tsaya yana kallon dalbejiya. Na ce masa na gane, ya tafi kawai.

Shekara biyu da rabi na yi ina fito da Inna kafin in buga ƙararrawa. Hannunta ba nauyi, amma tana da gyara. Ta ce ɗanta ba ya jan mutum kamar akuya. A satin farko, da na zaunar da ita, ta saurara ta ji makaranta shiru, sai muryar yara na haɗa baƙi a hankali.

“Mai waƙa, kun daina ne?”

“Mun daina, Inna.”

“To. Waƙar da ta kai mini ɗa bayan duwatsu, ai sai a bar mini ita.” Ta gyara zama ta fara, ɗaya Bi, biyu Di, uku Ei. Na tsaya da ƙararrawa a hannu har ta kai hamsin. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.