Juya Masa Tambayar, Sakatare

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Rakiya makwancinta, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Na so a ce zan rubuta abin da aka saba rubutawa a rana irin wannan: mace mai kirki, mai zumunci, mai haƙuri. Biyun farko ba na jayayya. Haƙurin kuwa, duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashinta a taron kwamiti ya san maganar na buƙatar gyara. Mutum ɗaya na san ta yi wa haƙuri marar iyaka, kuma saboda shi na zauna rubutu yau. Ranar Asabar mai zuwa ƙungiyar da ta kafa za ta yanke shawara a kan kujerarsa, a cire ta ko a bar ta, kuma hujjar da za a kafa a cire ta, da hannuna na rubuta ta.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Aikin jinya ta yi, da ta yi ritaya kuma ta ƙi zama wuri ɗaya. Ta riƙa bin gidajen da ta san akwai irin yaran nan da ba sa kallon mutum cikin ido, waɗanda magana ke yi wa nawa ko ta ƙi zuwa sam, waɗanda ƙarar da ni da kai ba mu ko ji ba take hana su sakat. Likitoci na ce wa abin otizim. Rediyo ta ce galahanga, kalmar da Yaya ta ƙi jini, ta ce an zuba lalura huɗu a buhu ɗaya an ɗaure. Maƙwabta kuwa ba su taɓa rasa suna ba: aljanu, sammu, ɗan ruwa. Ita dai "yaranmu" take cewa, ko da yaron ya yi gemu. Ta tara iyayensu a tsohon gidan mahaifinmu da ke Ƙofar Durbi, gida mai zaure biyu da bishiyar bedi a tsakar gida, can cikin lungu inda ko babur sai an tura shi. Ni kuma ta naɗa ni sakatare. Na so in ɗauka don na shekara da shekaru ina koyar da nahawun Hausa ne, amma ta gaya mini gaskiya: rubutuna na karantuwa, kuma ban taɓa iya ce mata a'a ba.

Da muka zauna rubuta tsarin ƙungiya, ta ce kujerun kwamiti bakwai ne. Shida na iyaye da malamai. Ta bakwai ta ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar dominsu, da cikakkiyar ƙuri'a. Ta kawo Lawal, saurayi a lokacin, mai wankin hula a wata rumfa a Ƙofar Sauri. A kawo masa hula hamsin ba alama a jikin ko ɗaya, zai maida wa kowa tasa. Sai dai in ka ce masa, "Lawal, ina kwana?" zai ce, "Ina kwana." In ka ce, "Ka ci abinci?" zai ce, "Ci abinci." Wutsiyar maganarka yake kamawa ya miƙo maka.

Wani daga cikin iyaye ya ce, "Hajiya, wanda ke maida maka abin da ka ce, ina amfanin ƙuri'arshi?"

Ta ce, "Alhaji, rabin kwamitocin garin nan abin da suke yi ke nan, kuma ba wanda ya kai su asibiti."

Amma ta san tambayar tana da nauyi, shi ya sa ta saka wata ƙa'ida a sashe na tara. Duk tambayar da za a yi wa kujera ta bakwai, sau biyu za a yi ta, a juya ta a karo na biyu, abin da ya zo farko ya koma ƙarshe. In amsa ta bi wutsiya duka biyun, to ba amsa ba ce, kuma ba za a rufe maganar ranar ba, sai a jira mako. Domin Lawal yana da amsa, hanyarta ce mai nisa. Bayan kwana bakwai zai zo da 'yar takarda a ninke huɗu, da rubutu tsaf kamar na ɗab'i, kalma biyu ko uku.

Na tuna lokacin da muka so sayen ƙararrawa don raba lokutan darasi. Mu shida duk mun yarda, ni ma har da jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci. Aka ce, "Lawal, a bari ko a saya?" Ya ce, "A saya." Na sunkuya zan rubuta, sai na ji muryar nan: "Juya masa tambayar, Sakatare." Na ce, "A saya ko a bari?" Ya ce, "A bari." Muka jira mako. Takardarsa ta zo: "Ƙararrawa zafi." Aka fasa. Yaya ta ɗinka 'yan tutoci masu launi, ana ɗaga kore in lokacin wasa ya yi. Haka muka gano ƙarar fankar ɗakin gabas, haka muka gano cewa turaren da muke fesawa in za a yi baƙi shi ke sa wasu yaran kuka. Taronmu ya yi suna wajen jan ƙafa. Abin da wasu ke gamawa kafin shayi ya huce, mu sai wata ya kama.

Sai ta rasu, bayan jinya ta 'yan makonni. Aka zaɓi Alhaji Mannir ya gaje ta, ɗan kasuwa, uban ɗaya daga cikin yaranmu. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: mutumin kirki ne, kuma har yau ba wanda ya fi shi ɗawainiya da ƙungiyar. Bayan an yi arba'in ya zo da tayi. Yana da gini a bakin titi kusa da Babbar Kasuwa, sabo, mai faɗi, ya ba ƙungiya kyauta. Ya ce wanda ke lungu ba a san da shi ba, iyaye da yawa ba su ma ji labarinmu ba. Gaskiya ya faɗa.

Muka zauna a zauren ciki, ba wanda ya taɓa kujerar Yaya. Kowa ya ce a koma. Alhaji Mannir ya juya cikin ladabi ya ce, "Malam Lawal, mu zauna nan ko mu tashi?"

Lawal ya ce, "Mu tashi."

Aka yi 'yar dariya irin ta mutanen da suka daɗe ba su yi ba. Wata ta ce, "To, ko Lawal ya gaji da lungun nan." Ni kuwa na tsaya da biro a sama, ina jiran muryar da za ta ce in juya. Sai da shirun ya yi tsawo na tuna cewa sashe na tara bai ɗora aikin a kan shugaba ba. A kan sakatare ya ɗora shi. Ni na rubuta shi, na san inda na sa waƙafi. Duk shekarun nan aikina ne, ita tuni kawai take yi mini.

Ban juya ba. Na rubuta: "An amince baki ɗaya, har da kujera ta bakwai."

Na daɗe ina gaya wa kaina mantuwa ce. Ba mantuwa ba ce. Gidan ne ya yi mini nauyi. Takalman Yaya na roba suna nan bakin ɗakin gabas, ba wanda ya iya ɗaukewa. In na shigo zaure sai in rage murya don kada ta ce na makara. Na so in fita daga gidan, na kuma ji tsoron in na juya tambayar zai ce mu zauna, a ƙara mini mako. Da mako ya zagayo, muna ɗaure kujeru a bayan mota, Lawal ya zo ya miƙo mini takarda a ninke huɗu. Na ce, "Madalla, Lawal." Ya ce, "Lawal." Na cusa ta a bangon littafin taro, na ce wa zuciyata ai an riga an rufe magana. Ban buɗe ba.

Ina yawan tunanin abin da Yaya za ta ce da za ta leƙo yau. Za ta ga allon suna mai girman ƙofa. Za ta ga yara sun ninka na da, wasu daga ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba, kuma na san wannan zai yi mata daɗi, ko da ba za ta nuna ba. Za ta ji mun koyi cewa "masu buƙata ta musamman," muna faɗa a gaban baƙi ba tuntuɓe, ana ɗaukar mu hoto a waya. Sannan za ta tsaya ta saurara, don ita da kunne take duba wuri. Injin niƙa a hagu. Mai tallar magani da lasifika a dama, yana warkar da cuta goma sha biyu tun safe har la'asar. Akwai wata yarinya, Ummi, da a tsohon gida ta fara jera kalmomi a gindin bedi. A sabon wuri takan tsaya bakin ƙofa da hannuwa a kunne, ba ta shiga. Bayan 'yan watanni uwarta ta daina kawo ta. Mun rubuta cewa nisa ne ya yi musu yawa.

Ba na cewa da mun zauna da komai ya yi kyau. Ban sani ba. Wataƙila ma Lawal tashin yake so. Abin da ke hana ni sukuni ke nan: ba a san abin da yake so ba, kuma littafi ya ce an sani.

Tun daga ranar ba a sake juya masa tambaya ba. Ba wanda ya soke sashe na tara, barinsa kawai aka yi, kamar rijiyar da aka ja famfo kusa da ita. Lawal bai taɓa fashin taro ba. Yakan zo da farar rigarsa a goge, ya zauna, a tambaye shi sau ɗaya, ya kama wutsiya, in rubuta an amince. Bai sake kawo takarda ba. Watan jiya Alhaji Mannir ya ce mini masu son taimaka mana suna tambaya ko akwai masani a kwamiti, ga shi kujeru bakwai ne kawai. Ya ce, "Malam, ba ƙin shi nake ba, Allah Ya sani. Amma shekara bakwai kujerar nan ba ta taɓa cewa wani abu daban ba. Littafinka ya nuna, ba ni ba. Mu ba shi matsayin girmamawa, ya huta da hayaniya."

Na ce zan duba. Na kwaso littattafan na baje a tabarma bayan sallar azahar, ina bin su shafi shafi. Alhaji bai yi ƙari ba, an amince, an amince, an amince, da rubutun nan nawa mai karantuwa. Da na ɗaga na shekarar da muka tashi sai takardar Lawal ta faɗo, ta yi ja saboda daɗewa. Na yi tsammanin "mu zauna" zan gani, na ma shirya yadda zan ji. Abin da ke ciki kalma huɗu ne: "Ba a juya ba."

Ɗalibaina na dā za su tuna yadda nake matsa musu a kan ɗan ƙaramin "a" ɗin nan na Hausa, wanda muke sakawa in ba mu son ambaton mai aiki. An fasa tulu. An ce. An amince. Nakan ce musu duk inda kuka gan shi ku tambaya, wa? Shekara bakwai ina ɓuya a bayansa a littafin taro, ashe mai wankin hula ya riga ni sanin amfaninsa. Ya san wanda bai juya ba, yana kallon birona a sama. Ya sakaya sunana. Kuma bai ba da amsar tambayar ba, don a ƙa'ida ba a gama yi masa ita ba. Cikin mu bakwai, shi kaɗai ya bi tsarin ƙungiya a ranar.

Litinin da ta wuce na same shi a rumfarsa, yana goge wata hula da buroshi. Na zauna a benci. Na ce, "Lawal, na karanta takardarka. Na makara."

Ya ce, "Makara."

Na ce, "Ka ci gaba da zama a kwamiti ko ka sauka?"

"Ka sauka."

Na juya masa tambayar. Na ce, "Ka sauka ko ka ci gaba?"

Buroshin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wani wuri kusa da kafaɗata. Ya ce, "Ka ci gaba." Sannan ya goge hannu a tsumma, ya miƙo shi a hankali, ya zare biron da ke aljihun rigata ya sa a nasa, ya koma kan hularsa.

Takardar Lawal mako take ɗauka, wato sai Litinin. Taro kuwa Asabar ne. Don haka zan miƙe kafin a shiga ajanda, in karanta kalma huɗun nan, in cire "a" in sa sunana, in nemi a gyara littafi, a kuma ɗage maganar kujera sai amsarsa ta iso. Mai yiwuwa su ce sakataren da ya yi haka shi ya kamata ya sauka, kuma ba ni da abin cewa. Mai yiwuwa Lawal ɗin ya rubuto cewa ya gaji. In haka ne, nasa ne.

Gidan Ƙofar Durbi wasu ke ciki yanzu, sun sare bedin. Tutocin Yaya sun koɗe, ba na jin akwai wanda ya san inda koren yake. Na yi ta lissafin abin da ya rage na Yaya Rakiya, ban sami komai mai kamawa da hannu ba sai wannan mako guda da ta tilasta wa mutane masu sauri su ba wanda ba ya sauri. Allah Ya kai haske kabarinta, Ya yafe mana. Ranar Asabar da fensir zan je taro. Birona yana wurin Lawal, kuma ban tambaye shi ba.