Ehimare da Ya Sallami Kansa a Kampala

A Ekpoma, in ka tambayi gidan Ehimare Okoduwa sai a yi ta kallonka. Ka ce Katikis mai kurket, yanzun nan a nuna maka ƙofa. Katikis malamin coci ne, amma shi bai taɓa wa'azi a coci ba, abokan wasa ne suka laƙaba masa sunan saboda wata ɗabi'a tasa da ta ishe su.

A kurket, in ƙwallo ya shafi katakon mai bugu, ko da kaɗan ne, mai tsaron baya ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, to mai bugu ya fita. Amma sai alƙali ya ɗaga yatsa, shi kuwa ba komai kunnensa ke ji ba. Don haka masu wayo sai su ƙame, su yi fuskar salihai. Ehimare ba ya jiran yatsan kowa. Da ya ji ƙwallo ya taɓa, sai ya soke katako a hammata ya kama hanyar rumfar 'yan wasa. Haka malaminsu na sakandare ya koya musu, sauran ɗaliban suka watsar tun kafin su fara gemu, shi ya riƙe.

Ban da wannan, gwani ne. Shekara goma sha huɗu yana buɗe wa jiharsa bugu, da rani kuma wata ƙungiya a Legas ta ɗauke shi haya. Ba ya gaggawa. Sai ya yi awa uku a rana yana tare ƙwallo, masu jifa su gaji su fara ambaton kakanninsa, sannan ya soma tara maki. Matarsa Omonigho, mai sayar da abarba a bakin tasha, ba ta san dokar wasan ba, amma ta san mijinta.

"Baban Ebose, yau ma kai ka kori kanka?" in ji ta, tana miƙa masa sakwara da baƙar miya.

"Na taɓa ne."

"Wa ya tambaye ka? In abarbata ta yi tsami ba na bin mai saye da sanarwa."

Yana da shekara talatin da huɗu, har ya fid da rai, aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Za a buga wasa ɗaya a Kampala, kuma kocin bai ɓoye masa komai ba. "Ka kawo min maki hamsin, kujerarka a gasar baɗi ta tabbata. In ba haka ba, akwai matasa a layi." Rigar da aka ba shi sai da ta zaga dangi kaf kafin ta shiga jaka.

Ranar wasa kyaftin ɗinsu, Tonye, wani dogon ɗan Fatakwal, ya ja shi gefe.

"Katikis, don girman Allah, yau ka bar tsarkin nan a rumfa. Alƙali yana da yatsa, ka bar shi ya yi aikinsa."

"Na ji, Oga."

Ya kuwa yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba. Ƙwallo ya zo ta dama ya kora, ya zo ta hagu ya kora. Kafin la'asar yana da arba'in da bakwai, saura uku. Mai jifa ya sako wani mai zafi, Ehimare ya kai masa katako, sai ya ji ƙas! Mai tsaron baya ya cafe, ya kwarma ihu. Alƙali bai motsa ba, hannayensa suna baya.

Ehimare ya tsaya. Ya rantse ya tsaya, har ya ƙirga uku a zuci. Amma hali zanen dutse. Kafin ya gama shawara katako ya shige hammata, ƙafafu sun kama hanya. Tonye, abokin bugunsa, yana ɗaya gefen yana ihu, "Dawo! Kai, dawo, don ubanka!" 'Yan kallo suka miƙe suna tafi, har 'yan ɗaya ƙungiyar. Gaskiya ransa ya ɓaci, amma tafin nan ya yi masa daɗi, ya shiga rumfa kai a sama.

Kwana biyu da dawowarsa, Tonye ya turo masa bidiyon wasan a waya, ba ko gaisuwa. Suka zauna da Omonigho a kan benci suna kallo a hankali. Ƙwallo ya wuce abinsa, bai ko kusanci katako ba. Ƙarar da ya ji, gindin katakon ne ya bugi garkuwar ƙwaurinsa.

Omonigho ta mayar da shi baya sau uku. "Baban Ebose, ai tsakanin nan akuya ma ta wuce da cikinta."

"To ihun da mai tsaron baya ya yi fa?" in ji Ehimare.

Ya kira Tonye ya tambaya. "Wannan? Ko kaza ce ta gifta sai ya yi ihu. Shi da kansa ya ce min ya yi mamaki da ka tafi."

Omonigho ta dubi fuskar Ehimare. Ba ta taɓa ganin mijinta yana kuka ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ta sosai.

Gasar baɗi aka tafi ba shi, ba a kuma sake kiransa ba. Ya ƙara shekara huɗu a wasan jiha, ya ajiye katako, yanzu shi ke kula da filin kurket na garin, yana yankan ciyawa yana faɗa da masu kiwon awaki. A littafin tarihin wasa layinsa ɗaya ne: wasa ɗaya, maki arba'in da bakwai.

Tsofaffin abokai in sun taru ba sa barinsa ya huta. Kwanaki Tonye ya zo wucewa, suna cin gasasshen ayaba a bakin fili, ya ce, "Katikis, faɗi gaskiya, tunda ita ce sana'arka. Ka yi nadamar tafiyar nan?"

Ehimare ya haɗiye ayabar da ke bakinsa.

"Da na taɓa ne, ko a jikina," ya ce. "Abin da ke cina, shekara goma sha huɗu alƙalai suna yi min hukunci, ba wanda ya taɓa zaluntata. Rana ɗaya da aka kore ni ba laifi, ni ne alƙalin."