Malam Labaran da Attaruhun Khadija

Kullum da an idar da sallar asuba, Malam Labaran yakan ɗauki garwarsa ya gangara lambunsa na bakin rafi, bayan Hayin Banki. Shi kaɗai yake tafiya, shi kaɗai yake wuni. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa suna kudu, sai waya idan sun tuna. Sana'arsa rainon dashe ce, tumatir da attaruhu da albasa. Mutane su zo su saya su wuce, ba kasafai wani yake zama ya ce masa ya jiki ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ya ce bayan damina zai koma garinsu Kankiya. Shi ya sa nake so in yi magana tun yana kusa.

'Yata Khadija ce ta haɗa ni da shi. Mijinta Nura direba ne, ya rasu a hanyar Zariya. Ta gama takaba ta dawo gidana a Unguwar Shanu, amma ko ƙofar gida ta ƙi leƙawa. Ba kuka, ba hira. Abu ɗaya ta riƙe, ɗan ƙullin irin attaruhu da Nura ya kawo mata. Ta shuka rabi a buhu, tana ba shi ruwa safe da rana da yamma. Tsiron ya yi rawaya ya kwanta. Ranar ba ta ci abinci ba, washegari ma haka. Hankalina ya tashi. Na ɗora buhun a babur na kai lambu.

Malam Labaran ya tona ƙasar da hannu, ya shinshina.

"Malam Sabo, wannan ai yawan kula ne ya kashe shi. Buhu ba huji, ruwa ba hutu, ga ɗanyen kashin kaji. Shuka kuka yi ko dahuwa?"

Na gaya masa halin da ake ciki. Da la'asar sai ga sallamarsa a zaure, ya tako da wannan gwiwar tasa. Ya nuna wa Khadija yadda ake huda gindin buhu, ya ce taki sai ya ruɓe ya huce, ruwa kuma ba a bayarwa da tsakar rana. "Ɗiyata, ki sa yatsa cikin ƙasa tukuna. In kin ji danshi, ki aje bokiti ki je ki ci tuwo."

Sauran irin ya fito, amma a cunkushe kamar gashin kai, don a wuri ɗaya ta zuba shi. Da ya dawo ya gani, ya ce dole a rage.

Khadija ta tare buhun da jikinta. "Baba, ko ɗaya ba zan cire ba. Na Nura ne."

Na yi masa alama da ido ya bar maganar. Bai ko dube ni ba.

"Wa ya ce a zubar? In sun zauna haka, duka za su shaƙe, ba wanda zai yi 'ya'ya. Ki bari su ƙara ganye, ki jiƙa ƙasar, ki ɗauke kowane da ƙasar saiwarsa in rana ta yi sanyi. Tsakar gidan nan ba za ta ɗauke su ba, sai ki kai wa maƙwabta. Amma ban da aike. Ki dasa musu da hannunki, don su ma irin ɓarnar da kika yi za su yi."

Ranar da ta ɗauki tsiro na farko ta fita, ina zaure, na sunkuyar da kai kamar ina gyaran takalmi. Bayan mako na jiyo muryarta ta katanga tana ce wa maƙwabciyarmu, "Haba Inna Jummai, ki sa yatsa tukuna mana! So kike ya koyi iyo?" Sai dariya. Rabona da jin wannan dariyar tun Nura yana raye.

Malam Labaran, kai ne ka ga abin da ni ubanta na kasa gani. Kai ne ka bar lambunka ba mai tsaro ka tako gidan da ba ka san kowa ba, alhali kai ba mai tako maka. Hannu mai sanyi, uban dashe. Na gode. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya jiƙan mai ɗakinka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku da kuka iya wata sana'a, ku yi koyi da shi. In mai koyo ya kawo muku ɓarnarsa, kada ku tsaya ga dariya, ku bi shi gida ku gani. Wanda kuma hanya ta bi da shi Hayin Banki, ya gangara ya zauna da wannan dattijo, ko bai sayi komai ba.

Ban ce tsorona ya ƙare ba. Har yanzu akwai ranakun da Khadija take wuni shiru, kuma ban san wa zan nufa ba idan ka tafi. Amma da la'asar takan ɗauki mayafinta ta ce, "Baba, zan je duba na gidan Inna Jummai."