Sallahu a Akwatin Ango

A shekarun da hanyar Arewa ta lalace, mu Hausawan New Bell mun rage zuwa gida Sallah. Na ce gida, ko da yake ni a Duwala aka haife ni, a nan kuma aka binne mahaifina. Bayan rasuwarsa ne Inna, mahaifiyata, ta koma wurin danginta a Marwa. A da mukan bi ta Yawunde mu hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan mu shiga mota. Sai aka shiga lokacin da ake tsayar da mota a kowane shinge a sauke kowa, in kuma aka ga hula a kanka sai a ƙara duba katinka. Ba wanda zai so wannan da jaririya a baya.

Jaririyar ce dalilin tafiyar. Sunan Inna aka sa mata, Inna kuwa ba ta taɓa ganinta ba. Wata safiya ƙanwata ta bugo waya daga Marwa ta ce yanar idon Inna ta yi ƙarfi, har ta fara gane mutane da murya.

"Yaya, in kana so ta ga takwararta da idonta, kada ka wuce babbar Sallar nan."

Na sayi tikitin jirgin sama. Ni da matata, da jaririyar da za a riƙe a cinya, da ɗanmu wanda ya ɗan haura shekara biyu, saboda haka aka ba shi kujerarsa da akwatinsa kamar kowane magidanci.

A ofishin inshora nake aiki a unguwar Akwa. Aikina shi ne in zauna in yi tunanin abin da zai iya lalacewa, kuma ina jin ba na barin aikin a ofis in an tashi. Na tambayi likita game da kunnen jarirai a sama. Na tambayi wani likitan don in ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Na gwada ɗaure yaron a kujera da ɗankwalin uwarsa don ya saba da zama, ya ciji hannuna. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar wani abokin aikina da ya saba hawa jirgi. Ya ce tun da aka fara tashin hankali, kowane mai tikiti sai an tambaye shi: kai ka haɗa kayanka, ko wani ya ba ka wani abu ka kai?

A unguwarmu ba a tafiya Arewa hannu biyu. Da an ji kana shiri, sai sallahu ya fara shigowa, ƙulli-ƙulli, kowane a ɗinke cikin tsumma ko a naɗe da leda. Ba a ƙin karɓa, ba a kuma buɗewa, don amana ce. Ni kuwa ban iya ƙarya ba. Ba yabon kaina nake yi ba, fuskata ce ba ta iya ba. Kunnuwana rawa suke yi.

Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci na shaida wa waɗanda ke kusa cewa wataƙila, bisa ga yadda al'amura suke, mai yiwuwa ne ba zan samu damar karɓar sallahu ba a wannan karon, sai dai in an samu wani sauyi. Na ɗauka na yi magana a fili.

Washegari gwaggon matata ta zo. Gidanta na bayan namu, kuma tun ranar suna take kiran ɗana angonta, irin wasan da tsofaffi ke yi da jikoki. Ni kuwa Muse take ce mini, wato malam da Faransanci. Ta shigo da wata jarka a ɗinke cikin buhu.

"Gwaggo, ina jin dai an gaya miki…"

"An gaya mini, Muse mai biro. Wa ya ce kai zan ba? Ina angona? Zo nan, maigida. Ungo, ka kai wa yayana a Marwa. Kai ne namiji a gidan nan, uban naka tsoron leda yake."

Yaron ya rungume jarkar ya faɗi zaune da ita.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa ango na da akwati nasa na kansa. Tsofaffin mata suka yi ta shigowa, kowace ta wuce ni a zaure kamar ni ne tabarmar ƙofa, ta miƙa wa yaron ƙullinta. Wata ta zo a kan babur tun daga Ndogpassi. Wani ɗan kasuwa mutumin Najeriya, wanda ko sunana bai sani ba, ya durƙusa a gaban yaron ya ce, "Alhaji ƙarami, in ka isa Marwa akwai mai zuwa daga Mubi ya karɓa." Matata ta kwashe kayan yaron ta cusa a akwatinmu, nasa ya cika da amanar mutane.

Na zauna na auna maganar ta kowane gefe. In aka tambaye ni, zan iya cewa ba a ba ni komai ba, kuma gaskiya ne. Amma akwatin na yaron ne, tikiti da sunansa, shi aka ba. Ke nan shi ya kamata ya amsa. Matsalar ita ce a lokacin kalma ɗaya tak ɗana ya riƙe a duniya, ita ce a'a. Za ka ci tuwo? A'a. Kana son Mama? A'a. Yana cin tuwon yana cewa a'a.

Na je wurin limamin unguwa na shimfiɗa masa damuwata, yaron na riƙe da gefen rigata. Ya saurara har na gama.

"Ɗan nan, yaro ɗan shekara biyu ai ba a fara rubuta masa komai ba."

"Na sani, Malam. To ni da ke tsaye a gefe, na san a'arsa ba gaskiya ba ce, na yi shiru?"

Ya shafa gemu. Ya ce wannan tana buƙatar nazari. Sai ya shiga cikin gida ya fito da wani ƙulli, ya duƙa ya miƙa wa yaron.

"Na ɗana ne, yana karatu a can. Allah ya kiyaye hanya."

Daga ranar na duƙufa koya wa yaron cewa wi, wato e, tunda da Faransanci za a yi tambayar. Da na dawo daga ofis sai in sayo makala mai zafi, irin fanken nan, a bakin layi, in zaunar da shi a kan akwatin, in sa gilashina a kan hanci in zama ma'aikacin filin jirgi.

"Muse, wani ya ba ka kaya ka kai?"

"A'a."

"Ka ce wi, in ba ka makala."

"A'a." Ya miƙo hannu.

Matata tana ninke kunzugun jaririya tana kallonmu.

"Baban yara, mutane na koya wa 'ya'yansu bisimilla, kai kana koya wa naka amsa laifi."

"Ba laifi ba ne, bayani ne."

"To Allah ya ba da sa'a, Muse le jandarma."

Ana gobe tafiya ya faɗa. Na yi tambayar, ya dube ni ya dubi makalar, ya ce, "Wi." Na ɗaga shi sama don murna. Da yamma uwarsa ta ce, za ka yi wanka? Ya ce wi. Ta ce, za ka sha magani? Ya ce wi. Ta ce tun da ta haife shi ba ta taɓa jin daɗinsa irin na ranar ba. Ya kamata a ce wannan ya sa ni tunani, tunda aikina ke nan. Ban yi ba.

A filin jirgi aka tsayar da 'yan rakiya tun daga waje, don a shekarun ba a barin kowa ya shiga sai mai tikiti. Gwaggo ta ɗaga murya ta bayan shinge tana cewa ango ya kula da jarkarta. Muka bi layi, jaririya a bayan uwarta, yaron a kafaɗata. Matar da ke karɓar kaya ta duba takardunmu, ta ɗora akwatunan a sikeli, ta liƙa musu takarda, ta miƙo mana tikitin shiga. Ta ce na gaba.

Ban motsa ba.

"Madam, ki yi haƙuri, ina jin akwai tambayar da ba ki yi mana ba."

Matata ta taka mini ƙafa.

Matar ta ɗago kai a gajiye. "Wace tambaya?"

"Ta kaya. Ko wani ya ba mu."

Ta ja numfashi. "To, wani ya ba ku kaya?"

"Ni dai a'a. Amma wancan akwatin na wannan ne." Na sauke yaron na tsayar da shi a kan teburin da ke gabanta.

Ta yi murmushi, ta kama ɗan yatsansa. "Babban mutum, an ba ka kaya ka kai?"

"Wi."

Ban taɓa jin alfahari irin na wannan lokacin ba. Wani jandarma da ke tsaye a gefe ya matso yana dariya, da alama shi ma uba ne.

"Kai, ƙato! Akwai wuƙa a ciki?"

"Wi."

"Har da bindiga?"

"Wi," in ji ɗana, ya miƙa masa hannu yana jiran makala.

Dariyar jandarman ta tsaya a rabi, don shugabansa na bayansa, kuma ya ji. Mutanen layin suka juyo. Na ji idanun mutane a kan hulata. Shugaban ya ce shi ma ya san yaro ne, amma fasinja ya furta magana a gaban hukuma, dole a duba.

Aka kai mu wani ɗaki mai dogon tebur. Suka dinga farke ƙullin mutanen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, suna tambayata mene ne wannan, ina cewa ban sani ba, amana ce. Kowace amsa tawa sai ta ƙara ɓata lamarin. Aka fito da miyondo, rogon nan da ake naɗewa a ganye, dami guda. Aka fito da busasshen jatan lande, da goro, da gashin kanti na mata daga ƙullin wata hajiya da ba zan taɓa faɗin ko wace ce ba. Na ɗan kasuwa takalmi ne ƙafa ɗaya, ta hagu. Na liman rigar ƙwallo ce. Ta lasifika aka fara kiran fasinjojin Marwa.

"Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce idonta…"

"Wannan fa?" Shugaban ya ɗaga jarkar Gwaggo.

Matata ce ta amsa, ba ta ko dube ni ba. Ta ce ruwan teku ne, an ce wa yayan Gwaggo ya riƙa wanke ƙafarsa da shi. Shugaban ya ce in ruwa ne in sha ya gani. Na kurɓa. Ba zan rantse cewa daga teku ya fito ba, amma ruwa ne, kuma da gishiri a ciki.

Aka sake kiran fasinjojin Marwa, aka ce kira na ƙarshe. Na tuna Inna zaune a tabarma tana juya fuska wajen ƙofa duk lokacin da ta ji motsi. Shugaban ya nuna bayan matata ya ce saura goyon. Ta kwance zani ta sauko da jaririyar, ta ɗora ta a kan teburin, tsakanin goro da takalmin. Ashe yarinyar ta daɗe da yin abin da jarirai ke yi, zanin goyon ne ya rufa asiri. Matata ta fara kwance kunzugun a natse.

"A duba da kyau, Muse. Wannan kam ita ta haɗa kayanta da kanta."

Ɗakin ba taga. Shugaban ya ja da baya, ya ce mu tattara mu tafi.

Muka tura komai cikin akwatin yadda ya samu, ba tsumma ba leda. Muka ruga, ni da yaro a hammata, ita da jaririya a kafaɗa. Mu ne na ƙarshe da suka hau. A sama ba wanda kunnensa ya yi ciwo sai ni. Matata ba ta yi mini magana ba sai da jirgi ya fara sauka, shi ma cewa ta yi in miƙo mata kwalbar madara.

Mun iske Inna a tsakar gida, inda haske ya fi yawa. Ƙanwata ta ce tun hantsi take wurin. Ta karɓi jaririyar, ta juya ta wajen rana, ta kawo fuskarta kusa da tata har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe a haka. Ni ina tsaye ina jira in ji ko tana ganinta.

"Tana da ɗan tabo a ƙasan ido," in ji ta. "Irin nawa."

Gaskiya ne, akwai tabon, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, kuma ba wanda ya gaya mata. Na zauna a kan akwatin ango.

Inna ta lalubo yaron da ɗaya hannun ta jawo shi jikinta.

"Angona, ka sha hanya. Wannan ƙanwar taka, ka bar mini ita a nan?"

"Wi."

"Har abada?"

"Wi."

"To kun ji dai da kunnenku, maigida ya yi magana."

Na buɗe baki in yi bayanin cewa amsar tasa ba lalle ne ta zama hujja ba, bisa ga yadda aka same ta. Matata ta sake taka mini ƙafa, a daidai wurin da ta taka da safe.