Yau Ban Sauka a Mararraba Ba

Da safen nan ina tsaye a bakin titin Badariya ina jiran motar Oga Bulus, sai matarsa Madam Rifkatu ta kira ni. Ta ce, "Malam Nasiru, kar ka jira shi. Baban yara ya tafi."

Na ce ya tafi ina? Wallahi haka na ce mata.

Tun lokacin na kasa zama. Na je gidan, na fito, na koma, na sake fitowa.

Ga wanda bai san shi ba, Oga Bulus mutumin Filato ne, mai gyaran injin ban-ruwa a Argungu. Ni kuma ina koyarwa a wata makarantar ƙauye kafin a shiga garin. Shekara uku yana ɗauka ta kullum, yana ajiye ni a mararraba.

A shekara ukun nan faifai ɗaya ne a motarsa. Kiɗan rok na Turawa, jita tana kururuwa, mai ganga kamar yana da gaba da gangar. Wai, in ji shi, duniya ta yarda ba a yi faifai kamarsa ba. Na ce to ni duniya ba ta tambaye ni ba, hayaniya ce kawai. Injinan da yake gyarawa ma sun fi shi daɗin sauti.

Sai ya yi dariya har da dukan sitiyari.

Waƙa tara ce a faifan. Idan ya kunna daga Badariya, ta tara tana ƙarewa daidai shigarsa Argungu. Ni kuma a tsakiyar ta bakwai nake sauka. Ba ya yarda a tsallake ko ɗaya, wai yadda aka jera su haka ake jin su.

"Kai malami ne," in ji shi. "Kana ba ɗalibi maki ba ka kai shafin ƙarshe ba?"

Mutumin nan, da ya hango masallaci zai rage sauti. Da azumi ban taɓa ganin ya kai ko ruwa bakinsa a gabana ba. Ranar da 'yata ta kwanta asibiti, shi ya fara ba da jini.

Ni abu ɗaya tak ya taɓa roƙo na: in ji faifan har ƙarshe, in faɗa masa gaskiyar abin da na ji. Har a waya ya tura mini shi. Ban buɗe ba. Taurin kai ne, ba wani abu ba, don kar ya ce ya ci ni.

Ranar Alhamis da muka zo mararraba bai tsaya nan take ba. Ya ce, "Yau dai bi ni Argungu, in dawo da kai." Na ce ina da darasin farko, wata rana. Ya ce, "To, Malam. Waƙar ƙarshen tana nan tana jiranka."

Ɗazu da na rasa inda zan sa kaina, na tafi tasha na shiga motar Argungu. Na toshe kunnuwana da abin saurare, na kunna faifan a waya daga ta farko.

Gaskiya, Oga, ta biyu har yanzu hayaniya ce. Ta huɗu ta yi tsawo. Amma ta biyar, wadda kake bin ta da fito, ashe na haddace ta ban sani ba.

Muna isa mararraba direba ya taka birki, don ya san ni. "Malam, ba nan kaka sabka ba?"

Na ce wuce.

Ta takwas ta zo da rugugi, sannan komai ya yi tsit. Ta tara babu ganga, babu ihu. Jita ɗaya ce da muryar mutum ɗaya da ya gaji, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Sai na gane duk hayaniyar baya hanya ce ta zuwa nan. Ba a jin daɗin shirun sai an sha ƙarar.

Ban san ina kuka ba sai da wata tsohuwa a gefena ta ce, "Ɗana, mi ya same ka?"

Na ce maki zan ba wani, Inna, kuma ya riga ya tafi.

Kai ne da gaskiya, Oga. Na ji har ƙarshe. Ina tashar Argungu nake rubuta wannan, har na danna lambarka sau ɗaya kafin in tuna.

Allah Ya ba Madam Rifkatu da yaran juriyar wannan rashi, Ya tsaya musu kamar yadda Oga Bulus ya tsaya wa mutane. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su a addu'a.